Faɗakarwa ga Mai Saye da Mai Sayarwa a Kwanakin Garaɓasa



Ka sani ya kai ɗan'uwa, almajiri ne kai ko ɗan kasuwa, ko kuwa ka haɗa biyun kamar yadda da yawanmu suka haɗa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana wata tambaya ce da wani ɗalibi ya yi mini bayan karatun la'asar, ana saura kwana goma Babbar Sallah. Yaron ɗinkin hula yake yi, da shi yake ci da kansa. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, mutum ne ya ga agogon naira 10,000 ana sayar da shi 6,000 saboda garaɓasar Sallah, ya saya. Shin ya ci ribar 4,000 ko bai ci ba?" Na dubi tsintsiyar hannunsa na ga agogon. Na ce masa, "Da ma da niyyar sayen agogo ka fita?" Ya ce, "A'a, zare na je saye, sai na gani." Na ce, "To, zauna, maganar tana da tsawo." Abin da na gaya masa a ranar shi ne na tattara a nan, na ƙara da abin da ya dace da 'yan kasuwa.

Fasali a kan inda wannan al'ada ta fito

Abin da muka tashi muka tarar a kasuwanninmu shi ne, idan Sallah ta gabato kaya tashi suke yi. Shadda ta ƙara kuɗi a Kantin Kwari, tela ya ɗaga kai, rago ya zama sai wane da wane. Ba mu san a keɓe wasu kwanaki a yi shela cewa an karya kuɗin kome da kome don biki ba. Wannan baƙuwar al'ada ce, kuma ya kamata ka san gidansu.

Mutanen Amurka suna da wani biki da suke kira ranar godiya, ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, dangi su taru su ci abinci. Washegari, Juma'a ke nan, ita ce buɗe kasuwar Kirsimeti, manyan kantuna su yi shelar rangwame, mutane su yi ta tururuwa. 'Yan sandan birnin Filadelfiya ne suka yi wa ranar laƙabi da Baƙar Juma'a, saboda wahalar da suke sha da cunkoson mutane da motoci, kuma sunan ya bazu a can tun shekarun 1960. Daga baya masu kantuna suka yi wa sunan sabuwar fassara, suka ce ai a littafin lissafi faɗuwa da jar tawada ake rubuta ta, riba kuwa da baƙa, watau a ranar ne littafinsu yake komawa baƙi. To, ka lura da wannan fassara da kyau, domin da bakinsu suka faɗi ko littafin wa ake nufi. Na mai kanti ne.

Har ma a shekarar 1939 shugaban ƙasarsu, Ruzbelt, ya jawo ranar bikin baya da mako guda, daga 30 ga Nuwamba zuwa 23, bisa roƙon 'yan kasuwa, don kwanakin saye kafin Kirsimeti su ƙaru. Aka yi ta jayayya, wasu jihohi suka bi, wasu suka ƙi, sai a 1941 majalisarsu ta tsayar da ranar da doka. Mu dai a nan mun huta da wannan, tun da wata ba ya tsayawa don roƙon attajiri.

Sa'an nan abin ya yi ta girma har ya kai ga zubar da jini. A shekarar 2008, a jihar Niyok, jama'a suka kwana a ƙofar wani babban kanti suna jiran asuba, da lokacin buɗewa ya yi suka ɓalle ƙofar, suka tattake wani ma'aikacin kantin har ya mutu. Ba yunwa ta kawo su ba, talabijin da makamantansa suka zo saye. Daga can al'adar ta bazu a duniya. A ƙasar Sin kamfanin Alibaba ya kafa tasa ranar, 11 ga Nuwamba, tun 2009. A ƙasashen Larabawa, da yake ba su so a kira Juma'a baƙa, sai wani kantin intanet ya sa mata Farar Juma'a a 2014. A Nijeriya su Jumia da Konga suka yaɗa ta, har ta shigo aljihun kowa ta cikin waya. Yanzu kuma ƙananan kantuna sun koya, ana yin garaɓasar azumi, ana yin ta Sallah, ana yin ta ƙarshen shekara.

Ban kawo wannan tarihi don in ce abin haramun ne saboda daga Turawa ya zo ba. Rangwame halal ne, kuma sauƙi a wajen saye da sayarwa abin yabo ne a shari'a. Na kawo shi ne don ka san wanda ya shirya wannan walima da abin da yake nema a cikinta, kafin ka zauna ka miƙa hannu.

Fasali a kan amsar tambayar ɗalibi

Ka sani, mai sayen abu da araha ɗayan mutum uku ne. Akwai wanda da ma yana bukatar abin, ya tanadi kuɗinsa, ya san tamaninsa a kasuwa, sai ya same shi ƙasa da haka. Wannan ya samu sauƙi na gaskiya, abin da ya rage a hannunsa nasa ne, ya gode Allah. Akwai wanda ya saya don ya sayar. Wannan ba a ce ya ci riba ko ya faɗi sai ranar da kayan suka fita daga hannunsa, kuma 'yan kasuwa ba su bukatar in koya musu wannan. Na uku shi ne wanda bai fito don abin ba, bai taɓa jin rashinsa ba, arahar ce kawai ta kira shi ya amsa. Wannan shi ne ɗalibina. Ya fita da 6,000 a aljihu ya komo babu. Ita kuwa 4,000 ɗin da yake ƙirgawa riba, ina take? Ba ta taɓa shiga hannunsa ba, ba zai sayi ko ƙwayar goro da ita ba. Lamba ce da wani ya rubuta a kan kwali ya ja mata layi.

A nan ne gaɓar maganar take, saboda haka bari in daɗe a kanta. Zuciyar ɗan Adam ba ta iya auna kuɗin abu shi kaɗai, sai ta jingina shi da wani. Lambar farko da kunne ya ji ko ido ya gani ita ce turke, duk kewayen da hankali zai yi a gindinta zai yi shi. Dillali ya san haka tun kafin a haife mu, shi ya sa yake fara ambaton ɗari, don idan an sauka saba'in mai saye ya ji kamar an yi masa alfarma. Amma a cinikinmu na baka akwai wani adalci: kowa ya san kuɗin farko buɗe magana ne. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a saki, har a sallama. Ba wanda ya ɗauki kuɗin farko a matsayin shaida. Rubutaccen farashi kuwa, wanda aka soke da jan layi aka rubuta ƙarami a ƙarƙashinsa, kamannin shaida yake ɗauka. Yana cewa da kai, jiya haka aka sayar. Kai kuwa ba ka nan jiya.

Ana iya cewa wannan zato ne kawai na tsoho mai tsoron sabon abu. To, ga labarin da ya faru. A Amurka akwai wani tsohon kamfani mai kantuna da yawa, sunansa JCPenney, wanda ya saba ɗaga farashi sa'an nan ya yi ta shelar rangwame duk mako. A shekarar 2012 sabon shugabansa ya ce a daina wannan wasa, a rubuta wa kowane kaya kuɗinsa na gaskiya, mai sauƙi, ba soke lamba, ba takardar rangwame. Mutane suka watse. Cinikin kamfanin ya ragu da misalin kashi ɗaya cikin huɗu a wannan shekara, a 2013 aka sallami mutumin, aka koma ɗagawa da sokewa. Ka ga, ba kayan kaɗai mutane suke saye ba. Suna sayen daɗin nan na jin cewa sun yi wayo, sun ci mai kanti. Wannan daɗin shi ne hajar da ake sayarwa a ranar garaɓasa, kuma mai saye ne yake biyan kuɗinsa.

A Ingila akwai wata ƙungiya ta masu saye da take bin farashin kaya wata da watanni, kafin Baƙar Juma'a da bayanta. Shekara bayan shekara tana samun cewa mafi yawan kayan da aka yi wa shelar rangwame ana samunsu a wannan kuɗin, ko ƙasa da shi, a wasu lokutan shekara. Da abin ya yi yawa, Tarayyar Turai ta sa doka, wadda ta fara aiki a 2022, cewa duk wanda zai yi shelar rage kuɗi dole lambar da zai soke ta zama mafi ƙarancin kuɗin da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka wuce. Ba a yin irin wannan doka sai an ga ɓarna ta zama ruwan dare.

Fasali a kan mai sayarwa

Yanzu da kai nake, ya kai mai rumfa. Idan hajarka 6,000 take tun fil azal, ka rubuta 10,000 ka soke, ka yi ƙarya, ko da bakinka bai furta kome ba, domin alƙalami ɗayan harsuna biyu ne. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san an hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya. Kuma ka san najashi, wanda Imamu Malik ya kawo haninsa a Muwaɗɗa: mutum ya ƙara wa kaya kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don wani ya gani ya ruɗu ya bi shi. A da sai an nemi abokin baki ya tsaya a gefe yana tayawa. Yanzu kwali da jan layi sun ɗauke masa aikin. Ban ce hukuncinsu ɗaya ne ta kowace fuska ba, wannan na bar wa malaman fiƙihu, amma illar da aka hana najashi dominta, watau a sa mai saye ya ƙudurta kuɗin da ba shi ne kuɗin kaya ba, tana nan cif. Haka nan faɗinka "yau kaɗai" alhali gobe ma haka ne, da "saura ɗaya" alhali kwalaye suna jibge a sito. Waɗannan ƙannen rantsuwar ƙarya ne, wadda aka gaya mana tana fitar da kaya tana shafe albarka.

Idan ka ce, "Malam, ai kai da kanka ka ba da labarin wanda ya faɗi gaskiya ya karye. Maƙwabcina yana soke lamba, layi har bakin titi, ni kuma ina zaune ina korar ƙuda, ga kuɗin haya, ga iyali, ga uban gida yana jiran kuɗin kayansa," sai in ce maka wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ban mallaka ba. Mai yiwuwa ne ka rasa wasu masu saye a wannan makon. Amma ka duba da me kasuwarka take tsaye. Shi babban kanti na intanet bai san fuskar mai saye ba, in wannan ya yi fushi dubu suna tafe. Kai kuwa jarinka mutane ne ƙidayayyu: baƙon da yake zuwa daga Maraɗi ko Damagaram ko Njamena duk shekara ya sauka a rumfarka bai tambayi kowa ba, da matar da take aiko yaro da kuɗi ba ta zo ta gani ba, da uban gidan da yake ba ka kaya bashi ba takarda. Ranar da ɗayansu ya gane lambarka ba ta da asali, ba wannan cinikin kaɗai ka rasa ba.

Kuma ba a rufe maka ƙofar jawo mutane ba. Kayan da suka yi kwantai ka karya su da gaske, ka ce na bara ne. Wanda ya yi tabo ka nuna tabon ka rage. Ka yi gyara mai auki, ka sa yaro ya kai wa tsohuwa kayanta gida, ka karɓi abin da aka maido in bai lalace ba. Duk wannan talla ne, kuma ba ƙarya a cikinsa.

Fasali a kan tambayar dalilin araha

Mu koma ga mai saye. Kada ka fahimci cewa ina hana ka bin araha. Wanda yake da hali ya ƙi sayen hatsi da kaka, ya bari sai tsakiyar damina, ba tawakkali ya yi ba, sakaci ya yi. Arahar kaka dalilinta a fili yake: amfani ya zo gida, buhuna sun cika Dawanau, manomi yana bukatar kuɗi. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, naira ta faɗi, kuɗin abinci ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, magidanci ya ƙara gane amfanin sayen abin da ba ya lalacewa tun da wuri. To, haka kowace araha take, tana da uba. Aikinka ka tambayi sunansa. Wani kayan an rage ne don yayinsa ya wuce, wannan ba laifi in kai ba mai bin yayi ba ne. Wani don mai shi ya matsu da kuɗi, a nan kuma ka ji tsoron Allah kada ka danne shi. Wani don kwanakinsa sun kusa ƙarewa, kamar madarar gwangwani da magani, sai ka juya gindin gwangwanin ka karanta. Wani kuwa tsaba ce aka watsa: a karya kuɗin abu ɗaya, ko da da faɗuwa, don ka shigo, in ka shigo ba za ka fita da shi shi kaɗai ba. Arahar da ka nemi ubanta ka rasa, ka bar ta a inda ka gan ta.

Ni mai wannan rubutu ban tsira ba. Wata shekara na shiga wani kanti sayen sabulu, na tarar an ce fulas ɗin shayi in ka sayi biyu na uku kyauta ne. A gida muna da fulas, lafiyarsa lau. Na tsaya ina lissafi, na raba kuɗin biyu gida uku, na ga lalle an yi sauƙi, na kwaso. Ɗaya na bayar don in rage kunya, ɗaya murfinsa bai taɓa rufuwa daidai ba, na ukun yana nan a kan kabad cikin kwalinsa, duk sa'ad da na ɗaga kai muna haɗa ido. Sabulun kuwa sai da na sake komawa, domin kuɗinsa ya shiga cikin fulas. Lissafina daidai ne, amma amsar wata tambaya ce dabam. Na tambayi kaina nawa ne kowane ɗaya, ban tambayi kaina guda nawa nake bukata ba.

Malam Shaɗibi, mutumin Garnaɗa ta Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, ya yi bayani a littafinsa Muwafaƙat cewa maslahohin da shari'a take kiyayewa hawa uku ne: abin da rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, da abin da rashinsa yake kawo ƙunci, da abin da yake ƙawa ne da cikar ado. Shi a kan manufofin shari'a yake magana, amma na ga wannan ma'auni yana yi wa magidanci aiki a bakin kasuwa. Garaɓasa ba ta cika sauka a hawa na farko ba. Da wuya ka ji an yi shelar karya kuɗin gero da gishiri da kuɗin makaranta. A hawa na uku take yin sheƙa, kuma dabararta ita ce ta sa wa abin ƙawa rigar larura ta hanyar ƙure lokaci: in ba ka saya yau ba ya wuce ka. Maganin wannan tsoho ne. Ka rubuta abin da gida yake bukata tun kana gida, kafin ka ga kaya, ka ware kuɗinsa, ka bar sauran a ɗaki. Abin da ba ya cikin takarda ya burge ka, ka kwana a kansa. In da safe har yanzu kana jin rashinsa, ka koma. Sau da yawa za ka tashi ka tarar ka manta launinsa.

Kada marowaci ya karanta wannan ya yi murmushi ya ce an ba shi hujja. Allah Ya yabi bayinSa da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, bai yabi ɗayan gefen ba. Yalwata wa iyali ranar idi alheri ne, kuma uban da yake da hali ya bar 'ya'yansa da tsofaffin kaya a cikin 'ya'yan maƙwabta, yana kiran abin gudun duniya, ya zalunce su. Har ma na lura ba wanda garaɓasa take kamawa da sauƙi kamar marowaci. Mai kyauta yana saye don wani mutum da yake gani a zuciyarsa, saboda haka ya san abin da yake nema da iyakarsa. Marowaci kuwa abin da yake so shi ne ya ji ya ci wani, shi ya sa zai ƙi saya wa matarsa turmi ɗaya mai kyau da take so, ya kwaso mata uku marasa kyau don an yi ragi, su koɗe a wanki na biyu. Da ma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Fasali a kan bashi

Mafi munin abin da yake cikin wannan babi shi ne a ci bashi don a riski araha. A da mai cin bashin Sallah sai ya je gaban mutum ya sunkuyar da kai, wannan kunyar tana hana da yawa. Yanzu a cikin waya ake ba da shi, cikin daƙiƙu, da ruwa a kansa, kuma riba ce wadda ba sai na tsaya bayanin hukuncinta ga mai karatu ba. Wasu masu ba da irin wannan bashi, in mutum ya makara, sai su aika wa duk wanda yake cikin wayarsa saƙo suna tozarta shi, har da surukai da malamansa. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta kai wa wasunsu samame a Legas a 2022. Ka yi lissafi kai da kanka: an rage maka 4,000, ka ci bashin 6,000, ka biya ruwa wata uku. Ragin ya tafi, ya ja wani abu ya bi shi. Ba banza aka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi ba.

Ko layya kanta, wadda ibada ce, malamanmu na Malikiyya sun ce sunna ce a kan wanda kuɗinta ba zai cutar da shi ba, watau ba ya bukatarsa don larurorinsa na shekara. Kuma kwanakin yanka uku ne, ranar idi da biyu bayanta, ko da yake ta farko ta fi falala. Sau da yawa masu raguna da suka zo daga nesa ba su son komawa da su suna ciyarwa, sai kuɗi ya sauko bayan an sauko daga idi. Mai ƙaramin ƙarfi da ya jira ya yanka a rana ta biyu da kuɗinsa ya sami sunna. Wanda ya ci bashi da ruwa don maƙwabta su ga rago a ƙofarsa tun jajibere, ya tambayi kansa don wa ya yanka. In ibada ba a ɗora maka cin bashi dominta ba, yaya agogo?

Da na kai nan sai ɗalibin ya ce, "To, Malam, yanzu yaya zan yi?" Na tambaye shi kwana nawa ya yi yana ɗinki kafin ya haɗa 6,000. Ya ƙirga da yatsu ya yi shiru. Na ce masa ciniki ya riga ya ƙullu, ba ka da ikon tilasta wa mai kanti, amma akwai abin da ake kira iƙala, watau mai saye ya yi nadama ya roƙi a warware, mai sayarwa ya yarda don Allah, kuma an yi wa mai yarda alkawarin lada. Je ka roƙa da ladabi, in ya ƙi kada ka yi masa tsiwa.

Bai samu zuwa ba sai bayan Sallah da mako biyu. Ya komo ya ce mai kantin ya ce kuɗi ba ya fita in ya shiga, amma ya yarda da musaya. Ya karɓi agogon ya ba shi fitila mai caji, wadda da ma yaron ya daɗe yana aron ta wani don tilawar dare, ya cika masa da lema tun da damina ta sauka. Na ce madalla, mutumin ya yi ƙoƙari. Har ya miƙe zai tafi sai ya juyo ya ce, "Af, Malam, agogunan suna nan a inda suke, har yanzu 6,000, kuma kwalin nan na yau kaɗai ba a cire shi ba."